Zauren Hajiya: Kuɗin kayan sallah, hannun wa za su faɗa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Azumi ya kawo jiki, ga mu a tsakiyar Sha'aban, kuma kusan duk wasiƙun da suka iso mini a wannan wata maganar kayan sallah suke yi. Na zaɓi huɗu. Kamar yadda muka saba, na cire sunayen masu su.

TAMBAYA: Hajiya, barka da war haka. Ni matar aure ce a unguwar Aboabo da ke Kumasi, wannan ce sallata ta biyu a gidan miji. Maigida ya ba ni sidi 900 in haɗa wa mahaifiyarsa kayan sallah, ni ma zan ɗora abin da na kwasa a adashi. Bara faccalata ta kai mata kwandon nan na babban kanti da ake naɗewa da leda mai ƙyalli, da biskit na gwangwani da lemon kwalba da turaren waje, kowa ya yi ta yabawa. Ni kuwa raina ya fi kwanciya da in saya a wurin matan unguwarmu. Akwai mai man kaɗe, akwai mai turaren wuta, akwai wata bazawara mai cincin da alkaki da take riƙe da marayu huɗu. Tsorona kada a ce na kawo kayan araha, na raina tsohuwa. Me kike gani?

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya bar ku tare. Abin da ranki ya kwanta da shi za ki yi. Zan gaya miki dalilina, sannan in gindaya miki sharuɗɗa, don akwai su.

Ki zauna ki tuna abin da tsohuwar nan take taɓawa da hannunta daga asuba zuwa dare. Biskit ɗin gwangwani jikoki ne za su cinye shi kafin la'asar ɗin ranar sallah. Lemon kwalba wataƙila ma likita ya hana ta. Man kaɗe kuwa kullum dare za ta shafa shi a ƙafa da gwiwa. Turaren wuta za ta zuba a kasko duk Juma'a. Daddawa da yaji miyarta za su shiga, goro kuma shi take miƙa wa duk baƙon da ya zauna a tabarmarta. Kyautar da za a kai babbar sallah ana amfani da ita, ana sa miki albarka, babu mai kiranta raini.

Ni 'yar mai ƙuli-ƙuli ce. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta fi shekara talatin tana yin ƙuli-ƙuli da dakuwa da man gyaɗa a gidan haya a Alabar, kuma goman ƙarshe na azumi ne cinikinta yake buɗewa. Da an sauko asham sai ta ɗora babban kasko, ta zuba yashi, ta shiga suyar gyaɗa olonka bayan olonka, wato gwangwanin awo, mu yara muna zaune kowa da faifansa, muna murzawa muna sheƙewa, barci yana fizgarmu. Bayan sahur yayana ya ɗauka a ka ya kai inji. In niƙan ya dawo, Mma za ta durƙusa gaban turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ga azumi a bakinta, har man ya taso ya kwanta a sama. Washegarin sallah sai ta shimfiɗa zane a tsakar ɗaki, ta kwance kuɗin, ta kasa su kashi-kashi. Wannan na mai gyaɗa da ya ba ta buhu bashi, wannan na mai inji, wannan na mai gawayi, wannan na malaminmu na allo, wannan na makarantar boko, ɗan abin da ya saura na adashi. Kafin sati ya zagayo hannunta ya koma wayam, amma kusan babu kwabon da ya fita daga zango. Da ɗaya daga cikin kason nan na yi karatu har nake rubuta muku wannan shafi. Saboda haka in kika miƙa wa bazawarar nan kuɗin cincin, ni na san gidajen da za su shiga.

To ga sharaɗi. Kada ki saya don tausayi. Tausayi ƙofarsa sadaka ce, ki ba ta daban, a ɓoye. Kayan da za su shiga ɗakin surukarki sai sun ci sunansu. Ki ce mai cincin ta soya miki kaɗan tun yanzu, ki ɗanɗana, ki rufe sauran a kwalba kwana biyar ki ga ko zai yi warin mai. Man kaɗe ki lakato da yatsa ki murza a bayan hannu. Mai kyau nan take yake narkewa, babu ƙasa babu datti, ƙanshinsa da ɗan hayaƙi-hayaƙi. In ya yi tsami, ya kwana biyu, ki bar mata. Turaren wuta ki sa ta ɗora a garwashi a gabanki. Abin da bai yi ba ki faɗa wa mai shi da bakinki, cikin mutunci, kada ki adana shi sai gidan suna. Mai sana'ar da aka gaya wa gaskiya gyarawa take yi, wadda aka yi da ita a bayan ido kuwa sai dai ta ga ciniki ya ɗauke ba ta san dalili ba.

Sai abin da ya fi ci mini rai. In mun shiga babban kanti, farashin da aka liƙa a jikin kaya shi muke biya, ko tari ba ma yi. In muka tsaya gaban maƙwabciya mai tire kuwa sai mu yi ta ja-in-ja a kan sidi biyu, mu nemi gyara, mu ƙare da "zan aiko yaro da kuɗin". Kada ki yi mata haka. Ki yi tayi na hankali in kina so, ciniki ai gadonmu ne, amma ki biya lakadan, rabin kuɗin ma tun kafin ta je sayen fulawa da sukari. Jarinta bai wuce abin da ke ƙulle a haɓar zanenta ba. Kwana uku kika riƙe mata kuɗi, kwana uku ba ta ɗora kasko ba.

Maganar ado kuma, yawancin abin da ya burge mutane bara naɗin ne. Ke ma ki naɗa. Ki nemi kwandon saƙar Bolgatanga, wanda har Turai da Amurka ake fitar da shi, tsohuwa za ta yi shekaru tana zuba kayanta a ciki. Cincin da alkaki su shiga kwalabe wankakku masu murfi. Ki ninke atamfa yadi shida ki ɗora. In ta GTP ta Tema kike so, ko ta ATL ta Akosombo, ki duba bakin zanen inda aka buga suna da lamba, ki kuma saya a hannun wadda kika sani, don jabu ya cika kasuwa, yana ma cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun ƙasar nan. A sama ki ɗora rabin ƙwaryar goro, fari da ja, a cikin ɗanyen ganyensa. Kada ki raina goro. Shi ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Fatake ne daga Kano da Katsina suka riƙa takowa da jakuna har Salaga suna sayen goron Asante, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma da yawansu suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra. Zangonnin nan da muke ciki saye da sayarwa ne ya kafa su.

Ban ce a guji duk abin da ya ƙetaro teku ba. Dabino ba ya yi a Kumasi. Matar da ta je Dubai ta saro mayafi da abaya ta kasa a kasuwar Kejetia ko Adum, ita ma tamu ce, haya take biya, 'yan dako suna ci a jikinta. Kin tuna gobarar Adum ta ranar 21 ga Maris 2025, ana cikin azumi, saura kamar kwana goma sallah, shaguna suka ƙone da kayan da ke ciki. Kejetia ma ta ga tata a Maris 2023. In kin san wadda abin ya shafa, mayafin a wurinta za ki saya.

Ranar da za ki kai, ki zauna gabanta ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ki ce, "Mma, wannan man kaɗen daga Tamale aka kawo wa wance, da hannuna na zaɓa miki. Alkakin nan wance ce ta yi, mai marayun nan." Tsohuwa ta san darajar irin wannan fiye da ke da ni. Faccalarki kuma ki cire ta a ranki. Ta yi nata, Allah ya ba ta lada.

TAMBAYA: Hajiya, ni direban trotro ne, wato motar haya, a Asawase nake. Duk sallah nakan ɗinka wa yarana uku da 'ya'yan marigayi wana guda biyu. Shekara biyu a jere tela yana saɓa mini. Bara ƙaraminsu da tsohuwar riga ya tafi idi yana kuka, kayan ba su fito ba sai kwana uku bayan sallah. Kina yawan cewa mu sayi na gida, to ni bana ɗinkakku na waje zan saya musu in huta. Na yi laifi?

AMSA: Ƙanena, ba ka yi laifi ba, kuma kukan yaron nan ya taɓa ni. Allah ya saka maka da alheri a kan marayun ɗan'uwanka. Wanda ya karɓi aiki, ya sa rana, ya saɓa, ya ci amana, babu wani kwana-kwana.

Sai dai ba ka gaya mini ranar da ka kai yadin ba, ba ka kuma ce ko ka biya ba. Ina tambaya ne don na san cikin shagon tela. Mijin ƙanwata tela ne, kuma akwai shekarar da na leƙa shi a daren ashirin da bakwai ga azumi, lokacin da ɗauke wutar nan ta dumsor ta yi tsanani a 2015. Keke uku, yara masu koyo biyar, ledojin yadi jibge har kusa da rufi, kowace da sunan mai ita a ɗan ƙyalle. Ba wuta, ya koma keken ƙafa, ya ciji fitilar waya da haƙora yana bin kalmasa, wani yaro a ƙofa yana fifita dutsen guga na gawayi. Riguna goma sha suna can wurin mai surfani suna jiran layi, shi ma injinsa wuta yake jira. Da na yi masa faɗan yawan karɓar aiki sai ya jawo littafinsa ya buɗe mini. Shafi bayan shafi sunayen waɗanda suka karɓi kayan sallar da ta wuce ne ba su cika kuɗi ba. Wannan maƙwabci, wancan abokin mahaifinsa, babu wanda zai iya yi wa magana. Da yake bai san wanda zai biya ba, sai ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa don wani ya rufe ramin wani. Daga nan saɓa alkawari yake tsirowa, kuma yakan faɗa kan mutumin kirki irinka.

Bashin nan ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Ka tuna 2022. Dala ta fara shekarar a wajen sidi 6, kafin Nuwamba ya ƙare ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Telan da ya yi aiki bashi a ƙaramar sallar shekarar, aka biya shi a ƙarshenta, kuɗin ba su sake sayo masa zare da shafi da maɓallan da ya kashe ba. Mukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai yadi a wannan satin, kada ka jira a ga wata. Wancan telan ka rabu da shi, sau biyu ya isa. Ka nemi saurayin da ubangidansa ya yaye bai daɗe ba, wanda ya kafa ɗan shagonsa yana neman suna, ka fara ba shi riga ɗaya ka ga hannunsa. In ta yi, ka kai sauran, ka ba shi rabin kuɗi, ku rubuta a takarda a gaban mutum ɗaya cewa ranar karɓa sha biyar ga azumi ce, ba jajibiri ba. Ka riƙa tsayawa kana gaishe shi in ka biyo ta hanyar. Ranar da ka karɓa ka cika masa kuɗinsa a wurin. In ya fita kunyarka, ka kai masa abokan aikinka na tasha, wannan ya fi masa kowane tukwici.

In kuma zuciyarka ta riga ta tsinke da ɗinki, ai ɗinkakku ma akwai na gida. Teloli da yawa a garin nan suna ɗinka jallabiya da kaftanin yara su rataye, ka je da yaro ka gwada masa ka biya ka tafi. Takalmi kuwa Kumasi ta yi suna a kansa, ka kai su a auna ƙafa a yi musu na fata.

Ku kuma teloli da ke karanta wannan shafi, ku ji tsoron Allah a kan kalmar "gobe". In aiki ya cika ku ce ya cika. Uban da kuka ce wa "ba zan iya ba" a Sha'aban yana da inda zai nufa. Wanda kuka ce wa "dawo an jima" a daren sallah, yaro zai koma ya tarar yana jira a ƙofa.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa daga Bronx a New York. Ɗan Sabon Zongo ne ni, shekarata goma sha ɗaya a nan. Kowace shekara nakan cika durom biyu in aiko gida: shinkafa, mai, sabulu, takalma, kayan yara. Ƙanwata ta ce in daina, in riƙa turo kuɗi tana saye a can Kumasi. Ni kuma gani nake kamar kuɗi ba kyauta ba ne.

AMSA: Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Ƙanwarka ta fi ka gaskiya, amma kai ma da taka.

Ka yi lissafin kuɗin durom, da na jirgin ruwa, da makonnin da zai yi a teku, da fito a tashar Tema, da motar da za ta hauro da shi Kumasi. Duk wannan a kan shinkafa, alhali ana noma ta a Fumbisi da Nasia da Asutsuare. Takalmin da ka auna da ido a hoto, kafin ya iso ƙafar yaron ta wuce shi. Kuɗin nan in suka sauka a unguwarku, mai shinkafa za ta ci, tela zai ci, mai kitso da mai lalle za su ci, mai aboboyaa, babur ɗin dako mai ƙafa uku, da zai kawo kayan gida ma zai ci. Harajin E-Levy da aka ɗora wa tura kuɗi ta waya a Mayu 2022 an soke shi a Afrilu 2025, don haka ƙanwarka za ta iya biyan kowa ta MoMo ba tare da wannan cirar ba. Ka dai kiyaye, lambar da ba daga bakinta ka ji ba kada ka tura mata ko kwabo, 'yan damfara ma sun san lokacin sallah.

Abin da ke mai da kuɗi kyauta shi ne a ɗaura musu suna. Kada ka turo dunƙule ka ce a yi hidima. Ka ce wannan na shaddar Baba ne, a kai wa telansa. Wannan atamfar Gwaggo ce, a bar ta ta zaɓa da kanta. Wannan na lallen 'yan mata ne. Kowa zai san ka tuna da shi shi kaɗai. Mahaifiya kuwa dabam take. Ita ka nemi abu ɗaya da ka zaɓa da hannunka, ko rigar sanyi ko carbi, ka ba mai zuwa ya kawo mata, don abin da ya fito daga hannun ɗanta take son ta riƙe.

Kuma ka juya hanyar durom ɗin wani lokaci. Ka sa a sayo maka batakarin Daboya, saƙar hannu, rinin baba, ƙyalle siri-siri da aka harhaɗa, a haɗa da man kaɗe da yajin tsire a aiko maka. Abokanka na can ka ba su goron sallah da su.

TAMBAYA: Hajiya, daga Tafo nake. Matar da muke haya a gidanta 'yar Asante ce, Kirista. Duk Bronya, wato Kirsimeti, sai ta aiko mana da shinkafa da kaza da lemo. Ban da abincin sallah da muka saba kai mata, me zan ba ta bana?

AMSA: Ƙanwata, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tambayi Manzon Allah cewa tana da maƙwabta biyu, wa za ta yi wa kyauta? Ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa da ke. Ke kam ƙofar matar nan da taki tsakar gida ɗaya suke kallo.

Ki sayo mata zabi biyu masu rai a wurin masu kawowa daga arewa, ki haɗa da kwalbar yaji da ƙunshin kilishi daga mahaucin unguwa. In da hali, ki ɗauki awonta ta hannun 'yarta, telarki ta ɗinka mata rigar kaba da zane na zuwa coci. Kada ki aiki yaro. Ki kai da kanki da hantsi bayan an sauko idi, yaranki suna biye da ke cikin sababbin kayansu, ta gan su ta sa musu albarka.